Maigida ya hana yara leƙa ƙofar gida, ni kuma ina sakinsu a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Bauchi. 'Ya'yana uku: babban namiji ne, shekararsa 10, mai bi masa mace 'yar shekara 7, sai na goye. Haya muke, tsakar gidan duk siminti ne, faɗinta bai wuce na shanya ba. Shekara biyu da suka wuce wani yaro ya ɓace a unguwar yayan mijina, sai da aka kwana huɗu ana cigiya kafin Allah ya sa a gan shi. Tun daga ranar Abbansu ya kafa doka: daga boko sai gida, daga gida sai Islamiyya, ko ƙofar gida ba ya so su leƙa. Ya saya musu waya mai gem don su zauna. Makarantarsu ma gidan zama ne aka mayar makaranta, babu fili, ko lokacin tara a aji suke cin abincinsu.

Yanzu babban ya zama mafaɗaci, abu kaɗan ya kai wa ƙanwarsa duka, da dare ba ya barci da wuri, malaminsa kuma ya ce yana ƙanƙance ido in zai kalli allo. Ita macen ko ƙadangare ta gani sai ihu. Da muka je ƙauye da Sallah 'yan'uwansu suka yi ta yi musu dariya, wai ba su san bishiyar kuka ba. Hajiyar mijina ta ce mun mai da jikokinta kajin gidan gona, ta ce in riƙa sakinsu in ya tafi kasuwa. Na bi maganarta kusan wata biyu, duk Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya. Makon jiya babban ya faɗo daga katanga ya fasa gwiwa, na ce masa ya ce wa Abbansa a banɗaki ya zame. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In ci gaba ne, ko in daina in zuba ido? In na faɗa masa gaskiya ina tsoron abin ya shafi har Hajiya.

Maman uku, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki zuri'a, ya ba yaron lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tun kafin mu je ko'ina ina so ki san cewa abin da kika hango a jikin 'ya'yanki gaskiya ne. Ba shagwaɓa ba ce, ba kuma ƙorafin mace ba ne. Na yi shekara 22 ina koyarwa a firamare, yaron da ba ya taka ƙasa tun daga bakin ƙofar aji nake gane shi: ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya kuma iya gudu, ƙarfin da ya kamata ya zubar a fili sai ya sauke shi a kan na kusa da shi. A gidanki ƙanwarsa ce ta kusa.

Amma ba gwiwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Gwiwa za ta warke, ni kaina akwai tabo uku a tawa, kowanne da sunan bishiyar da ta ba ni shi. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar banɗaki. Kin san kin yi kuskure, shi ya sa barci ya ƙaurace miki, don haka ba zan tsaya yi miki faɗa ba. Sai dai ina so ki ga haɗarin ta wata fuska da wataƙila ba ki duba ba. Yaron da yake fita a ɓoye, duk abin da ya same shi a waje shi ma a ɓoye zai bar shi. In wani babba ya fara ba shi alawa yana jan sa da hira, in manyan yara suka nuna masa abin da bai kamata ba, ba zai faɗa ba, don ya san in ya buɗe baki asirinku ne zai tonu, kuma ke za a yi wa faɗa. Kin ga abin da Abbansa yake gudu, ɓoyon nan ne ya fi buɗe masa ƙofa. Ga shi kuma kina cikin gida da goyo, ba ki san layin da suka bi ba, shi yana kasuwa ya saki jiki suna falo. Da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, da awa nawa za a ɓata kafin a san ta ina za a fara nema? Wannan fitar ta sata ki tsayar da ita daga yau. Ba wai wasan za a daina ba, hanyar ce za a sake.

Bari mu duba maigidanki da idon adalci. Mutumin nan ya ga kwana huɗu na cigiya da idonsa. Ya ga uwa tana birgima, ya ga maza suna zagaya tashoshin mota da ofishin 'yan sanda da hoton yaro a hannu, ya ji sanarwa a masallatai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Dokarsa ba mugunta ba ce, so ne da tsoro suka haɗu. Har kuɗi ya cire ya sayi waya, don a ganinsa ya ba su madadin abin da ya hana su. Inda lissafinsa ya karkace shi ne ya ɗauka katanga ba ta da farashi. Ya ga haɗarin waje domin shi yana zuwa da ihu a rana ɗaya. Na cikin gida kuwa a hankali yake ci, kamar gara a jikin azara, kuma ke da kike yini da su ke kike ganinsa. Shi yana dawowa bayan isha ya tarar da su lafiya lau a kan kujera, sai ya gode wa Allah. Idan kika je masa da "ka takura wa yara", abin da zai ji shi ne kina cewa bai san ciwon 'ya'yansa ba, nan take zai toshe kunne.

Hajiya kuma ta faɗi gaskiya a kan cutar, amma maganin da ta ba ki na zamaninta ne. Lokacin da ta yi goyo, dandali yana da idanu. Kowace tsohuwa da ke sayar da ƙuli a zaure ta san ɗan wane ne wannan, mai shayi ya sani, ladan ya sani, baƙo bai isa ya kama hannun yaro ya wuce layi biyu ba a tare shi ba. Ɗa na kowa ne, kuma da gaske ake yi. Yau a unguwannin haya na Bauchi sai ki shekara ba ki san sunan maƙwabciyarki ba, ga keke napep da acaɓa suna kutsawa lungu a guje, ga ginin da ba a gama ba da ramin masai a buɗe. Sakin yara haka kawai, ba tare da an mayar da idanun nan ba, ba shi ne abin da Hajiya ta sani ba. Ki riƙe ta da kyau dai, za mu dawo kanta, domin akwai abin da take da shi wanda ke da mijinki ba ku da shi.

Kafin ki zauna da shi, ki riƙe hujja a hannu, don maza da yawa sun fi jin maganar likita a kan ta matansu, haka Allah ya yi su, sai haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, irin wanda zai sa shi haki da gumi. Ki lissafa na 'ya'yanki: daga ƙofa zuwa keke, daga keke zuwa aji. Ko minti goma ba na jin sun cika. Maganar ido kuma ba ƙaramar magana ba ce. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi wani gwaji a makarantun firamare 12, aka ƙara wa rabinsu minti 40 na zama a waje a kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, a cikin yaran da aka fitar kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, a cikin waɗanda ba a fitar ba kuwa kusan kashi 40. An wallafa sakamakon a 2015. Hasken rana da kallon abin da ke nesa suna taimaka wa idon yaro ya girma daidai, yini a ɗaki da waya a gaban hanci kuma akasin haka yake yi. Sai dai kar in yaudare ki, idan idon ɗanki ya riga ya taɓu, wasa ba zai mayar da shi ba, tabarau ne zai gyara masa gani. Don haka ki roƙi Abbansa ya kai shi asibitin ido a cikin makon nan, shi da kansa, kuma ya tambayi likitan da bakinsa ko zaman ɗaki da waya suna da hannu. Abin da zai ji a can ya fi duk abin da za ki faɗa masa a gida nauyi. Ƙanwar ma a auna ta, tun da an je.

Sai zancen faɗa masa gaskiya. Ki faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaro ɗan shekara 10 ba ya iya riƙe sirri har abada, gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin mai kanti. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ba ranar da kasuwa ta yi masa tsiya ba. Ki ce masa, Abban wane, akwai laifin da na yi maka, na kuma yi wa yaron nan, ina neman afuwa. Ki faɗi abin da ya faru a taƙaice, ki ɗauki laifin ke kaɗai. Sunan Hajiya kada ya fito daga bakinki. Ba ƙarya kika yi ba in kin yi shiru a kanta, domin ita shawara ta bayar, ke kika buɗe ƙofar. In kika sa ta a ciki, kin haɗa ɗa da uwarsa, ke kuma kin zama mai kai ƙarar suruka, asara biyu ke nan. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, kada ki kawo bukatarki a daren. Sai dai in kin san mijinki mai ɗaga hannu ne in ransa ya ɓaci, wannan ba ki faɗa mini ba, to kada ki yi maganar ke kaɗai, ki sa yayansa ko wani babba da yake jin nauyi ya zauna.

Bayan kwana biyu ko uku, in ya huce, sai ki kawo bukatar, kuma ki kawo ta ƙarama. Kada ki ce a bar yara su riƙa fita. Ki ce awa ɗaya, a wuri kaza, a gaban wane, Alhamis da Juma'a bayan la'asar, a gwada na wata guda, in bai gamsu ba a tsaya. Mai tsoro ba ya amsa abin da ba shi da iyaka, amma yakan amsa abin da ya ga farkonsa da ƙarshensa. Ki ba shi dokokin ya kafa da kansa. Wata dabara kuma, ki tambaye shi wasannin da ya yi yana yaro. Ban taɓa ganin Bahaushen da ya haura shekara 35 da za a ambaci langa fuskarsa ba ta saki ba. Akwai wani uba da na sani lokacin ina koyarwa, mai tsanani ne ƙwarai, ɗansa ko wasan motsa jiki na makaranta sai da takarda. Ranar bikin wasanni ya zo ɗaukar yaron, ya tarar 'yan aji shida suna langa, suna yi ba daidai ba. Ya tsaya yana kallo yana girgiza kai, can sai ga shi ya tuɓe hula ya miƙa wa direbansa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya, yana nuna musu yadda ake kare ruwa, wato ɗan wasan da ake tsarewa, da kafaɗa. Bai yi tsalle biyar ba ya zube, yara suka kwashe da dariya, shi ma yana dariya har da hawaye. Daga ranar ban ƙara ganin takarda ba. In mijinki mai son hujjar addini ne, ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, jikokinsa kuma suna hawa bayansa yana sujada. Ya kuma san an yi umarni a tsare yara a gida idan duhun magariba ya kawo kai, wannan kuwa hujjarsa ce shi, ki ba shi ita da hannu biyu: kafin kiran magariba kowa yana ciki.

Tun kafin ya amince ma akwai abin da za ki fara gobe, a cikin wannan tsakar gidan da kika raina. Siminti ai allo ne. Gawayi ɗaya ya isa ki zana musu 'yar gala-gala, ki nuna musu yadda ake jefa ɗan dutse a bi gidaje da ƙafa ɗaya. Igiyar shanya in an kwance ta ta zama ta tsalle, a riƙa ƙirga wa kowa, a rubuta a bango wanda ya fi yawa a mako. Ga carafke da 'yan tsakuwa, ga dara da za a zana a yi da ƙwallon dabino da tsinke. Ki janye wayar a hankali, ba da faɗa ba: ba a taɓa ta sai an gama wasa da aikin makaranta, kuma daga sallar isha tana hannunki. Makon farko za ki sha ƙunƙuni, ki toshe kunne. Barcin da kike nema wa babban yana cikin gajiyar jiki da raba idonsa da hasken waya da dare.

Abin da na fi so ki yi kuwa shi ne shuka. Ki samu gwangwanin madara guda biyu, ki huda gindinsu da ƙusa, a cika da ƙasa da ɗan takin awaki, kowane yaro ya binne ƙwayar wake uku, ya rubuta sunansa a jikin gwangwanin. Tsakanin kwana uku zuwa biyar za ki ga ƙasar ta tsage, wani ɗan farin wuya ya leƙo a lanƙwashe kamar mai ruku'u, washegari ya miƙe ɗauke da ɓarin waken biyu a kansa, wani lokaci har da ɓawon a maƙale kamar hula. Na yi wannan da 'yan aji uku shekara da shekaru, ban taɓa ganin yaron da bai durƙusa ba. Akwai wadda ta zo mini da kuka don akuya ta cinye nata, sai da muka yi zaman makoki na minti biyar kafin a sake shukawa. Ki ba su tsinken tsintsiya su riƙa auna tsayin kowace safiya, su sa gwangwani ɗaya a inuwa ɗaya a rana su ga bambanci da idonsu. In abin ya karɓe su, sai a ƙara buhun siminti da ƙasa a shuka zogale ko kuɓewa ko yakuwa. Ranar da aka yi miya da kuɓewar ɗanki, ki tabbata Abbansa ya san ta wace ce tun kafin ya kai loma.

Ki ajiye kasko da ruwa a kan katanga ko a wani lungu, musamman da bazara. Kurciya za ta zo, 'yan ƙananan tsuntsaye jajaye za su zo, wata rana har baƙon da ba ku san sunansa ba. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa kullum, don sauro cikin mako guda ko kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi a ruwan da ya kwanta. Ki saya wa kowannensu ƙaramin littafin rubutu, ya zama na abin da ido ya gani: yau kurciya nawa, yau jan gwada ya kori wani, yau buzuzu ya wuce yana tura kayansa da ƙafar baya, yau shamuwa ta iso. Shamuwa in ta bayyana damina ta kusa, su rubuta ranar, su ƙirga kwana nawa za a yi kafin ruwan farko. Da dare in an ɗauke wuta, maimakon tsaki, a shimfiɗa tabarma a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta da Zara. Nan ne Hajiya za ta shigo. Sunayen da suka gagare ki, a kira ta a waya yaran su tambaye ta da bakinsu, in ta zo kuma ta koya wa jikarta gaɗa da waƙoƙinta. Tsohuwar da ta ga ana neman iliminta ba ta da lokacin gorin kajin gidan gona.

'Yarki mai tsoron ƙadangare kuma, kada a tsokane ta, kada yayanta ya bi ta da shi. Ku tsaya daga nesa ke da ita ku ƙirga sau nawa jan gwada yake gyaɗa kai, gobe ku matsa taku ɗaya. Kuma don Allah in an samu izinin fita, kada a ce namiji ya tafi ita ta zauna ta riƙe miki ƙaninta. Ƙashinta da idonta irin nasa ne, awar nan tata ce ita ma.

Fitar kanta, ga yadda nake ganin za ta yiwu. Ki nemi mata biyu ko uku a layinku masu yara sa'annin naki, na tabbata akwai mai irin damuwarki da ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ku yi karɓa-karɓa kamar adashi: yau wance ko babban ɗanta ko mijinta zai zauna a ƙofar gida, aikinsa kallon yara kawai, ba danna waya ba. A ƙirga su in an fito, a ƙirga in za a shiga. A ja iyaka da abin da ido ke gani, daga wannan turken wuta zuwa waccan bishiyar maina. Yaranki su haddace cikakken sunan Abbansu da lambar wayarsa da sunan unguwa, su san ba a bin kowa ko da ya ce Abba ne ya aiko shi, su kuma san babu babban da zai ce musu "kada ka faɗa a gida" a yi shiru. Idan akwai firamaren gwamnati kusa da ku, filayensu sukan zama fayau da yamma, mazan layin su je su nemi izinin hedimasta. Ranar da Abbansu ba ya fita da wuri kuma, ya ɗauke su bayan asuba su taka na rabin awa zuwa bayan unguwa. Bauchi ba ta rasa duwatsu da bishiyoyi ba. Ya nuna musu tsamiya da kanya da ɗorawa da kukar da aka yi musu dariya a kanta, in sun dace da gawo ya ba su labarinsa, bishiyar da take zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ta yi kore da rani lokacin da kowa ya bushe. Uban da ya ga 'ya'yansa a waje a ƙarƙashin idonsa, tsoronsa raguwa yake yi, don yanzu ya san abin da suka iya.

Akwai wuraren da ni ma ina bayan mijinki ɗari bisa ɗari. Kududdufi da rafi da bakin dam irin na Gubi ba wurin wasan yara ba ne. Ban da nutsewa, ruwan da ya kwanta yakan ɗauki tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ƙwayarta ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba. Kango da katanga da ramin da aka haƙi ƙasar gini, babu. In za a shiga ciyawa a sa takalmi rufaffe, ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, saboda kunama da maciji. Ƙasarmu ta kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti kai tsaye. A watan Maris da Afrilu a bar wasan gudu sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. Danƙon harbin tsuntsu kuwa ni ba na sonsa ko kaɗan, na ga idon da ya tsiyaye ta dalilinsa.

Makarantar ma kada ki ƙyale ta. Motsa jiki yana cikin manhajar firamare, kuɗi kuke biya. A taron iyaye da malamai mijinki ya tambaya, cikin ladabi, ina ake yinsa. Ko fili babu, za su iya fito da yara harabar gida aji-aji lokacin tara, ko su nemi aron fili sau ɗaya a mako. In wata rana za ku sauya makaranta, ki leƙa bayan ginin kafin ki kalli fentin gaba.

Na san wani zai ce a kai su Yankari mana. A kai su, in da hali, abin kunya ne a ce ɗan Bauchi ya girma bai ga dajin da baƙi ke ƙetaro teku don su gani ba. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200 a ƙasar Alkaleri, ana ratsewa daga Dindima a kan hanyar Gombe. Ruwan Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga ƙasa a cikin dajin, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, garau har kina ganin yashin ƙasa, birai kuma suna yawo a sansanin, in yaro ya yi sake da ledar biskit sai dai ya ga wucewarta. Da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da suke taruwa a kogin Gaji. Akwai kuma gandun namun daji na Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006. Abbansu ya bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a tafi da safe a dawo da rana. Amma wannan tafiyar shekara ce, kamar ɗinkin Sallah. Ba za ta maye gurbin awa ɗayar nan ta kullum ba. Ki ajiye ta a matsayin tukuici, in littafin abin da ido ya gani ya cika.

In kuma kin yi duk wannan ya ce a'a, kada ki koma gidan jiya. Ki riƙe tsakar gida da gwangwanayenki, ki nemi ya bar 'ya'yan maƙwabta biyu su riƙa shigowa, wannan da wuya ya ƙi. Ki bar maganar likitan ido ta yi aikinta. Bayan wata ɗaya ko biyu ki sake ɗaga zancen, ko ki roƙi yayansa ya sa baki, tun da a unguwarsa abin ya faru, kuma ina kyautata zaton 'ya'yansa shi ba a kulle suke ba. Hutun ƙarshen zango ki nemi ya kai su wurin Hajiya na mako guda da yardarsa, a ba wani kawunsu amanarsu.

Yau da dare dai, kafin komai, ki kira babban ku keɓe. Ki duba gwiwar, in ta kumbura ko tana ruwa ko ƙarfe ne ya yanke shi, a kai shi asibiti a tambayi allurar tetanus. Sannan ki ce masa, abin da na sa ka faɗa wa Abba ba daidai ba ne, laifina ne ba naka ba, ni zan gyara, kai ba ruwanka. Za ki ga yadda kafaɗarsa za ta sauka, don shi ma kayan sun yi masa nauyi. Ki rubuto mini bayan wata guda ki gaya mini abin da likitan ido ya ce, da tsayin waken kowa, da kuma wanda ya fara faɗuwa a langar, babban ko Abbansa.